Allurai biyar a motar Kawu

A shekarar 1982 ina aji biyar a Maraɗi, shekaruna goma sha biyu. Da aka ba mu hutun ƙarshen watan Maris, sai Kawu, wan mahaifiyata, ya zo gidanmu bayan sallar isha'i. Ya gaisa da Inna, ya zauna bakin tabarma, sannan ya ce yana son a ba shi aron ɗan lakwal na kwana goma. Haka yake kirana, ɗan lakwal. Inna ta tambaye shi ko karen motarsa ya gudu ne. Ya ce a'a, karen mota yana nan, wannan wani aiki ne daban. Bai faɗi aikin ba sai da gari ya waye, muna zaune cikin mota mu biyu.

Kawu direba ne. Motarsa Peugeot 404 ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufawa da tamfol. Yana ɗaukar mutane da kaya daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kilomita wajen 240, ta Cadawa da Gazawa da Tasawa da Takeita. Lokacin bai gama biyan kuɗin motar ba. Kowane ƙarshen wata yana kai wa wani ɗan kasuwa wani abu daga cikin bashin. Gida biyu ke ci daga wannan mota, nasa da namu, don mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba.

Da safen nan ya nuna mini wani icce can nesa, bayan tasha. Ya ce: "Ka ga iccen can? Ina ganin tsuntsun da ke bisansa. Amma waɗannan da ke gaban hancina, sun fara zama mini hazo." Ya taɓa gilashin da ke bayan sitiyari. Kawu ya kusa shekara hamsin a lokacin. Mutane da yawa in sun wuce arba'in, ganin kusa yakan rage musu, na nesa kuwa yana nan garau. Tabarau ne maganin abin. To amma Kawu yana tsoron bakin tasha. A ganinsa, ranar da aka ga direba da tabarau, ranar za a fara cewa ido ya tafi, fasinja su koma motar wani. Ya ce mini: "Kai ne idona na kusa. Kada ka gaya wa kowa, ko Innarka."

Wannan wuri da ke bayan sitiyari direbobinmu suna ce masa tablo, sunan da muke kiran allon aji da shi. Na yi dariya da na ji haka. Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma ranar shi ne mushe, ni kuwa ɗan aji ɗaya.

Allura huɗu ya nuna mini da fitila ɗaya. Babbar allura ita ce ta gudu. Wata waya ce ke juyawa daga giya ta zo ta motsa ta. Wannan ba ta dame shi ba, da kunne yake sanin gudunsa. Ƙananan lambobin da ke ƙarƙashinta su yake so in riƙa karanta masa, don su ke ƙidayar kilomita, da su ake sanin lokacin canza baƙin mai ya yi.

Ta biyu ita ce ta isansi. Cikin tanki akwai wani abu mai iyo, kamar ɗan duma bisa ruwa. In mai ya cika, ya taso. In mai ya ragu, ya sauka, allura ta bi shi. Shi ya sa in mota ta hau tudu ko ta karkata, allurar takan yi ƙarya. Kawu bai yarda da ita sosai ba. Yana da wata siririyar sanda mai tsage-tsage da yake tsomawa cikin tanki kowace safiya.

Ta uku ta batir ce. Ita ke faɗi ko dinamo yana ba batir wuta. Wata igiyar roba ce ke juya dinamo, ita ce kuma ke juya famfon ruwa. Don haka in allurar batir ta faɗi farat ɗaya ana cikin tafiya, mai yiwuwa igiyar ce ta tsinke, kuma ba da jimawa ba inji zai ɗau zafi. Fitilar kuwa ja ce, ta baƙin mai. In an murɗa makulli sai ta kama, da inji ya tashi sai ta mutu. Kawu ya ce in ta kama muna kan hanya, ko tsakiyar kasuwa muke, tsayawa za mu yi.

Da ya zo kan ta huɗu sai ya gyara zama. Allurar ruwa ke nan. Ya ce inji wuta ke ci a cikinsa tun daga Maraɗi har Damagaram, ruwa ne ke hana shi narkewa. Ruwan yana zagaya inji ya kwashi zafi, ya zo gaba cikin radiyato, iska ta buga shi ya huce, ya sake komawa. In komai lafiya, zafin ruwan yana tsayawa tsakanin digiri 80 da 90, allura tana tsakiya. A ƙarshen hanyarta akwai jan wuri. In ta shiga nan aka ci gaba da tafiya, kan inji yakan lanƙwashe, ruwa ya gauraya da mai, mota ta kwanta gareji. Ya ce: "In wanga ta faru, ba mu da kuɗin gyara, ba mu da kuɗin bashi. Ka gane?" Na ce na gane.

Sai muka shirya wata dabara don kada fasinja su gane. Duk lokacin da muka wuce farin dutsen kilomita, in dubi allurar. In ya tambaye ni: "Ɗan lakwal, ina akuya?" sai in ce: "Tana turke." In kuwa ta fara hawa, in ce ta tsinke. Ya ƙara mini aiki ɗaya: kowace safiya, tun inji yana sanyi, in duba ruwan radiyato, in cika shi, in rufe.

Kwana shida na yi wannan aiki ba kuskure. Har na fara jin kaina. Karen mota yana can baya bisa buhuna yana shan ƙura, ni ina gaba tsakanin direba da babban fasinja.

Akwai allura ta biyar, wadda Kawu bai ƙidaya ba. Ita ce ta rediyo. Rediyon motar yana da maɓalli biyu na murɗawa, ɗaya na ƙara murya, ɗaya na neman tasha. In ka murɗa na biyun, wata siririyar jar allura tana tafiya bayan gilashi, bisa layin lambobi. Ba irin rediyon yanzu ba ne da ke neman tasha da kansa. Sai ka lallaɓa shi, ka wuce kaɗan, ka komo kaɗan, har murya ta fito daga cikin shuu. Da dare abin ya fi daɗi. Akwai wani sashe na iska can sama ƙwarai, in rana ta faɗi yakan maido da muryoyin rediyo ƙasa, su faɗo nesa da inda suka taso. Lokacin nan sai Kaduna ta shigo tsaf, Kawu ya ce in bar ta nan ko za a sa Shata. Da rana kuwa murya tana zuwa tana tafiya, ga kuma ƙarar tartsatsin buji da ke shiga ciki, tana ƙaruwa in an taka mota.

Ni kuma ina da nawa asiri. Sati uku kafin hutu na rubuta wasiƙa zuwa Muryar Sahel a Yamai. Wannan gidan rediyo tun 1958 yake, amma sai a 1974 aka sa masa wannan suna. Wasiƙar ta filin gaishe-gaishe ce, ita ce kuma ta farko da na taɓa sawa a gidan waya. Na gai da Inna, da Kawu, da mushenmu, da Gwaggo da ke aure a Damagaram. Kuɗin kan sarki kuwa, gyaɗar Inna na yi talla kwana uku kafin ta ba ni. Tun daga ranar, duk inda na ji an fara gaishe-gaishe, sai cikina ya ɗauka.

Rana ta bakwai mun tashi a makare. Wani Alhaji ne ya biya kujerar gaba, yana sanye da farar riga mai aiki, yana ta duba agogo yana cewa ana jiransa a Damagaram. Na ɗauko bido na cika radiyato. Ina cikin rufewa aka ƙwala mini kira in zo in riƙe igiyar kaya. Na ɗora murfin, na murɗa sau ɗaya, na ruga.

Farkon Afrilu ne. Kun san zafin bazara a ƙasarmu, wanda kwalta ke walƙiya daga nesa kamar tabki. Mun wuce Gazawa rana tana tsaka. Sai ga muryar mai gaishe-gaishe. Na ƙara murya. Ya karanta wasiƙa daga Tawa, ya karanta daga Dogon Dutsi, sannan na ji ya ce Maraɗi, sai shuu ya rufe shi. Na sunkuya. Na murɗa dama, na murɗa hagu, idona yana kan jar allurar nan. Murya ta komo, ba sunana ba ne. Ta sake ɓacewa. Duwatsun kilomita suna ta wucewa, ban ga ko ɗaya ba.

"Ɗan lakwal, ina akuya?"

"Tana turke, Kawu."

Ban duba ba. Bakina ne ya faɗa don ya saba. Yau shekara arba'in da wani abu, har yanzu in na tuna wannan amsa sai in ji kunya ta kama ni. Mantuwar murfi kowa na iya yi. Amma wannan, mutum ya ba ni idonsa, na ce na gani alhali ban duba ba.

Ba a jima ba na ga Kawu yana shaƙar iska. Wani wari ne ya shigo, kamar na tukunyar da ruwanta ya ƙone. Na ɗaga kai. Allurar ruwa tana bakin jan wuri.

"Kawu, ta tsinke!"

Alhaji ya waiga waje. Ya ce: "Wace akuya kuma? Ni ban ga akuya ba."

Kawu ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Ya sassauta ƙafa, mota ta rage gudu. Sannan ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ƙarƙashin rediyo akwai wani ɗan hannu da ake turawa daga shuɗi zuwa ja. Na ɗumama mota ne. An yi shi don sanyin Faransa. Mu nan sai asubar hunturu ake taɓa shi, ko da damina in gilashi ya yi raɓa. Kawu ya tura shi har ƙarshen ja, ya kunna fanka duka. Iska mai zafi kamar ta bakin maƙera ta bugo mana ƙafafu.

Alhaji ya zabura. "Malam direba, lafiya? Gasa mu za ka yi?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Ko mu sha zafin, ko inji ya sha."

Daga baya na fahimci abin. Wannan na'ura wani ƙaramin radiyato ne da ke ɓoye ƙarƙashin tablo. Ruwan inji ne ke bi ta cikinsa. In ka buɗe shi, ka ƙara wa ruwan wata ƙofar fitar da zafi. Makanikai da yawa sukan toshe shi su ce ba shi da amfani a ƙasar zafi. Sau biyu aka ce wa Kawu a toshe, ya ƙi.

Ya sa tafin hannunsa a bakin iskar, ya bar shi nan. Ya ce muddin iskar tana fitowa da zafi, akwai sauran ruwa yana zagayawa. In ta huce, ruwa ya ƙare. Sannan ya ce da ƙarfi, a gaban Alhaji: "Bar zancen akuya. Faɗa mini inda allura take, ni ba na ganinta."

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, bai ce komai ba.

Kada ku ɗauka haka ake yi kullum. In allura ta shiga ja, tsayawa ita ce daidai. Amma inda muke babu inuwa babu rijiya, bidonmu saura rabi, a baya kuwa akwai mata uku da jarirai. Kawu ya san akwai rijiya gaba kaɗan. Ya auna, ya ɗauki kasada da idona. Na manne fuskata da gilashin, gumi yana shiga mini ido. "Tana nan bakin ja. Ta ɗan ja baya, kamar kaurin tsinke. Tana nan. Tana nan." Muka wuce dutse ɗaya, muka wuce na biyu, a hankali kamar amalanke. Bayan na uku ya ce: "Iska ta fara hucewa." Nan take ya kashe inji. Mota ta gangara da sauran ƙarfinta, ya karkatar da ita gindin wani babban gawo. Allah ya sa gawo da rani yake ganye. Daga nan muna hango mata a bakin rijiya.

Da aka ɗaga murfin inji, tururi ya tashi. Karen mota ya kai hannu zai buɗe radiyato, Kawu ya buge hannun. Ruwan da ke ciki in an buɗe shi da zafi, tsalle yake yi ya sale fuska. Muka zauna kusan awa guda. Mata suka shimfiɗa zannuwa, wani dattijo ya yi taimama ya yi azahar tun ba a kawo ruwa ba. Ni da karen mota muka je rijiya da bido biyu, matan suka ja mana guga.

Da inji ya huce, Kawu ya naɗe hannu da tsumma ya kama murfin radiyato. Bai ko murɗa ba, murfin ya biyo hannunsa. Duk bakin wurin ya yi jan zane na tsatsa, inda ruwa ya riƙa fita tun daga Maraɗi. Ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya dube ni.

Da ya mare ni da na fi so. Sai ya kira ni kusa, ya nuna mini cikin murfin, inda wata waya mai naɗi take danne da roba. Ya ce wannan ke matse ruwa. Abin da ya faɗa da nasa kalmomi, shi na tarar cikin littafi bayan shekara uku: a buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100, amma in an matse shi sai ya wuce nan bai tafasa ba. Murfin da bai rufu ba ya mai da radiyato buɗaɗɗiyar tukunya.

Ya ta da inji, ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, don ruwan sanyi da yawa bisa ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi. Ya zaro sandar baƙin mai ya miƙo mini. "Mi ka gani? Baƙi ne, ko ya yi fari kamar an zuba nono?" Na duba, na sake dubawa. Na ce baƙi ne. Ya ce: "Alhamdu lillahi." Ruwa bai shiga mai ba, inji ya tsira.

Alhaji yana tsaye bayanmu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya sa hannu aljihu ya fito da wani ɗan tabarau. Ya ce: "Malam direba, gwada wannan. Kada ka kai shi sama, bar shi bisa karan hanci. Hanya ka dube ta ta sama, allura ta ciki." Kawu ya yi jim, ya karɓa, ya leƙa tablo. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce: "Ashe har lambobi gare ta." Alhaji ya ce shi ma shekara biyu yana ɓoye nasa, har ranar da ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Bai faɗi abin da ya biyo baya ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Motocin yanzu sun sha bamban da ta Kawu. Ta ɗiyata tana da na'urar sanyaya iska, da wani maɓalli mai hoton mota da kibiya a ciki, wanda ke rufe iskar waje in ana ƙura. Na gaya mata in ta ga inji ya ɗau zafi, na'urar sanyin nan za ta fara kashewa, don ƙarfin inji take ci, kuma zafin da ta kwasa daga ciki a gaban radiyato take zubar da shi. Fitilun tablo sun yi yawa, amma launinsu yana taimako: ja, a tsaya, ruwan ɗorawa, a je wurin makaniki, kore da shuɗi labari kawai suke bayarwa. Ku da ke karatu da harshe biyu, ga wani tarko. Motoci da yawa suna da harafin C da H a allurar ruwa. Kada ku karanta C da Faransanci ku ce chaud. Harafin Ingilishi ne, sanyi yake nufi, H shi ne zafi. Haka F a allurar mai ba froid ba ne, tanki ya cika ke nan. Abin da ban so ba shi ne, wasu sababbin motoci an cire musu allurar ruwa ɗungum, an bar fitila kaɗai. Allura tana hawa a hankali, tana ba mutum lokaci. Fitila kuwa sai abu ya kusa ɓaci take kamawa.

Ranar nan mun shiga Damagaram bayan la'asar. Daga gindin gawo har tasha ban taɓa rediyo ba, kuma duk dutsen da muka wuce sai na faɗi inda allura take, ko ba a tambaye ni ba. Washegari Kawu ya shiga kasuwa ya sayo nasa tabarau. A tasha an yi masa ba'a kwana biyu, aka manta. Aikina ya ƙare ke nan. Sauran kwana ukun a baya na yi su, bisa buhuna, tare da karen mota.

Amma a daren da muka isa, gidan Gwaggo muka sauka. Tun daga zaure ta taryo ni da guɗa. Ta ce yau da rana tana tankaɗe ta ji an faɗi sunana a rediyo, an ce ina gaishe ta, har maƙwabta sun shigo yi mata barka. Ta ce: "Ku ma kun ji ko? Ai akwai rediyo a motar."

Na sunkuyar da kai. Kawu ya cire hula, ya share gumi, ya ce: "Ba mu ji ba. Lokacin muna neman akuya."